KIWON BABUR A ƘASAR NOMAN RANI

 Yau ba farashin tiya na kawo muku ba, yana nan a gurbinsa, mai so ya duba. Maganar da zan yi ta abin da ke kai mu wurin tiyar ce, watau babur, musamman wanda ke sauka daga kwalta ya bi gefen kanal, ya shiga yashi da taɓo neman kaya.

Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya biyo babban kanal ya sauko Kadawa, kuma aka kafa hukumar kogunan Hadejia da Jama'are a 1976 ta riƙe aikin, kasuwancin wannan yanki ya sake kama. Dā kaka ɗaya ce a shekara, jaki da mangala sun ishe ta. Yanzu ga shinkafa, ga alkama, ga masarar rani, ga tumatir da albasa, kuma mafi yawan kayan suna can cikin gonaki inda babbar mota ba ta son shiga sai an tabbatar mata da lodi. Saboda haka dillalin da ya riga isa bakin gona shi ke da kaya. Tumatir ba ya jira, in ba ka kai shi Kwanar Gafan da wuri ba, rana ta yi maka ciniki. Shanshera kuwa, ka yi alkawari da manomi za ka zo da asuba, ka makara, sai ka tarar wani ya biya ya ɗinke buhuna sun kama hanyar masu casa a Kura. To, ranar da babur ya ƙi tashi, ba kuɗin gyara kaɗai ka yi asara ba, har da la'adar ranar, wani lokaci har da manomin gaba ɗaya.

Masu shekaru irin nawa za su tuna dogayen baburan da malaman gona ke hawa a shekarun 1980. Irin waɗannan an ƙera su ne musamman domin jeji. Akwai Yamaha AG100, wanda aka fara yi a 1973 saboda makiyaya da manoman Ostireliya: ƙafafu dogaye, murfin taya can sama don kada laka ta cushe, sarƙa a rufe cikin gidanta, ga kariya gaba da baya. Mu kuwa abin da ke hannunmu yau Boxer ne na Indiya, da Jincheng da 'yan'uwansa na ƙasar Sin, da roba-roba. Baburan gari ne muka sa su aikin jaki. Da gwamnatin Kano ta hana acaɓa a cikin birni a Janairun 2013, da yawa daga cikinsu sai suka gangaro ƙauyuka, suka koma jigilar buhu da kwando. Abin da kamfani bai saka musu ba na jure jeji, sai mai su ya cike shi da hannunsa, a ƙofar gidansa.

Ga abin da na gani shekara da shekaru: a nan ƙasar ba nisan tafiya ke kashe babur ba. Ƙura ce da ruwa. Ƙura tana da rabin shekara, daga hunturu zuwa bazara, ruwa kuwa a wurinmu bai san rani ba, tun da kanal yana gudu ko da Maris ne.

Mu fara da ƙura, domin ita ce ɓarawon da ba a jin motsinsa. Inji numfashi yake yi kamar mutum, iskar da yake shaƙa ta ninka fetur ɗin da yake sha sau da yawa. A gefen babur, ƙarƙashin murfi, akwai ɗan akwati da soso a ciki, shi ne ke tace iskar nan kafin ta shiga kafireta. Idan soson ya toshe, babur zai rinƙa shan mai kamar rijiya, yana baƙin hayaƙi, fulogi yana yin baƙi ƙirin. Sai wani ya ce a cire soson gaba ɗaya babur ya sami iska. Lalle zai yi gudu, na wata biyu. Amma kowane burbushin yashi da ya shiga, tsakanin fistin da bangon bulok yake tsayawa, yana gurzawa kamar dutsen niƙa. Daga nan sai farin hayaƙi mai ɗan shuɗi, sai baƙin mai ya fara raguwa ba a ga inda yake zuba ba, sai makanike ya ce a sayo ringi da fistin, in abin ya yi nisa har a kai bulok a gyara. Duk wannan daga soson da bai kai kuɗin tiya ɗaya ta gero ba.

Aikinsa ba wuya. A lokacin hunturu, duk mako ka kwance shi, ka tsoma a kananzir, ka matse da tafin hannu. Matsewa na ce, ba murɗewa ba, in ka murɗe shi kamar wanki zai yage, kuma soso mai huda da babu duk ɗaya ne. Ka shanya a inuwa ya bushe, ka ɗiɗɗiga masa baƙin mai sabo kaɗan, ka mutsutsuka har ya game ko'ina, ka matse ragowar. Man nan shi ne tarkon, shi ke kama ƙurar, busasshen soso rabin aiki yake yi. Kafin ka mayar, ka sa yatsa cikin bututun da ya nufi kafireta. In ka ji gari-gari a yatsanka, to ƙura tana wucewa ta wani wuri, ka bincika robar da ta haɗa su ko ta tsage. Wanda nasa matacin na takarda ne ba soso ba, kada ya kai shi kusa da ruwa ko kananzir, kaɗewa ake yi, in ya gaji a sake.

Sai baƙin mai. A nan akwai rarrabewa, kuma na ga yara da yawa ba su san ta ba. Tsohon Jincheng da Suzuki da Yamaha na dā, masu hayaƙi, suna ƙona mai tare da fetur ne, shi ya sa suke da ɗan tanki na daban na man 2T. Idan famfon da ke tura man ya mutu aka cire shi, dole a rinƙa gauraya man a cikin tankin fetur, kuma awo ake yi, ba ƙiyasi ba. Mililita 30 zuwa 40 a kowace lita. Wanda ba shi da ma'auni, ƙaramin gwangwanin tumatir ɗaya ga lita biyu ya yi daidai. Mu da muke rigima a kan tozon tiya, bai kamata mu zuba wa inji mai da ka ba. Boxer kuwa da irinsa ba sa son a gauraya musu kome a tanki. Nasu baƙin man yana zaune ne a cikin inji, kimanin lita ɗaya ko ƙasa kaɗan, shi ke wanke fistin, shi ke jiƙa giya, shi ke jiƙa kuloci. Aiki uku a kan lita ɗaya, cikin zafin Afrilu, da buhu a baya.

Littafin kamfani yana ba da tazara mai tsawo tsakanin juye da juye, amma wanda ya rubuta shi kwalta yake tunani. A ganina mai bin gefen kanal kada ya wuce kilomita 1,500 zuwa 2,000. Na san agogon yawancin baburanmu ya daɗe da mutuwa, to sai a yi lissafin 'yan kasuwa: mai cin kilomita 60 a rana, kwana 25 ya cika 1,500. Watau sau ɗaya a wata ke nan ga mai fita kullum. Ka ɗaura shi da ganin wata, ba za ka manta ba. Ana yin juye ne inji da ɗumi, bayan an dawo daga tafiya an ɗan huta, domin a lokacin man ya tsinke, dattin bai kwanta ba. Ka ɗora babur a ƙafarsa ta tsakiya, ka tara tsohon kwano, ka kwance notin ƙasa. Wajen mayarwa ka fara da yatsu, sa'an nan sifana, kuma kada ka hau kansa da ƙarfin ɗaukar buhu. Jikin injin alminiyon ne, taushi gare shi, in zaren ya cinye ka sayo wa kanka aiki. Ka nemi mai lamba 20W-50 wanda aka rubuta na babur ne, galibi za ka ga 4T a jikin robar. Wasu daga cikin man mota suna da santsin da ke sa kuloci zamewa, ka murɗa totur inji ya yi ta ihu babur bai ƙara sauri ba. Man awo da ake ɗurawa daga buɗaɗɗen duro kuwa, wanda ba ka san asalinsa ba, ku dillalai kun fi kowa sanin algus: sama kyakkyawa, ƙasa Allah masani.

Tsohon man da ka juye kada ya shiga kanal, don Allah. Ruwan nan shi shanu ke sha, shi yara ke wanka, shi ke kwanciya a gindin shinkafar da gobe za ka zo saye. A zuba a galan, masu shafa wa katako maganin gara suna so.

To, ga sarƙa. Samari suna cire mata gidanta wai babur ya fi kyau a haka. Kyan ɗan maciji. Sarƙar da ke buɗe a hanyar yashi, aka kuma labta mata tsohon baƙin mai, ta zama turmi: yashi ya manne da mai, ya rinƙa cin ƙarfe dare da rana. A bar mata gidanta. Duk mako a goge ta da tsohon buroshi da kananzir, a bari ta tsane, a ɗiga man giya mai kauri kaɗan-kaɗan ana juya ƙafa, a goge ragowar da tsumma. Saƙinta kuwa, in ka taɓa tsakiyarta ta ƙasa, ta yi wasa sama da ƙasa kamar faɗin yatsa biyu, milimita 20 zuwa 30. A nan ne masu lodi ke cutar kansu. Sai mutum ya ɗaure ta tamau babur ba kaya, ya manta cewa idan buhu ya hau, bayan babur ya zauna, sarƙa ƙara ɗamewa take yi. Daga nan sai boris ya tafi, ko ta tsinke a tsakiyar dawa. Ka gwada ta da mutum zaune a kai. Wajen ja kuma ka dubi zanen da ke gefe biyu na ƙafar baya su zo daidai, in ba haka ba ƙafa ta karkace, taya ta ci gefe ɗaya. Ɗan makullin da ke haɗa bakin sarƙa, rufaffen kansa shi ke kallon inda sarƙa ta nufa, in ka juya shi wata rana ciyawa za ta fizge shi. Idan haƙoran farantan da take hawa sun yi tsini sun lanƙwashe kamar ƙayar sarƙaƙiya, a sake su duka uku tare, sarƙa da faranti na gaba da na baya. Sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora ba ta kai kaka.

Yanzu maganar ruwa. Mu mutanen Madobi kogi ne gaba da baya, Challawa a gefe guda, Kogin Kano a ɗayan, in ka tsallaka kuma ga kanal da ƙananan magudanai ko'ina. Babu mai bin hanyar nan shekara biyar bai taɓa tsoma babur ba, ko santsin laka ya kwashe shi, ko ya raina zurfin kwalbatin da ya karye. Abin da za ka yi cikin minti biyar na farko shi ne zai raba tsakanin kuɗin baƙin mai da kuɗin inji. Kada ka taka kika. Na sake faɗa, kada ka taka, kada kuma ka bari yaran da suka taya ka fito da shi su tura. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. In yana saman fistin ka tilasta shi, sandar da ke riƙe da fistin ce za ta lanƙwashe, wannan kuwa sai an tsaga inji biyu. Ka rufe fetur. Ka cire fulogi. Ka cire soson iska ka matse. Ku ɗaga gaban babur sama ruwan salansa ya zube. A ƙasan kafireta akwai ɗan sukuru, ka sassauta shi abin da ke ciki ya tsiyaye har ka ga fetur tsantsa. Sa'an nan, fulogi yana waje, ka yi ta taka kika har ramin ya daina feso ruwa. Ka goge fulogi ka mayar. Ka zaro ma'aunin baƙin mai ka duba: in ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga, kada ka yi tafiya da shi in akwai yadda za ka yi. A juye, a zuba sabo, a bar inji ya yi ɗumi, a sake juyewa. Lita biyu ta tafi, amma inji ya tsira.

Wanki a bakin kanal ma yana da nasa. Ba a watsa wa inji mai zafi ruwan sanyi. A toshe bakin salansa da leda, a kauce wa akwatin iska da wayoyin wuta. Bayan wanki, ko bayan ka ratsa ruwa, birki ba ya kamawa sai ya bushe, ka ɗan rinƙa taka shi kana tafiya a hankali kafin ka hau kwalta. Hanyar Zariya ba wurin gwada birki ba ce. Ƙarshen damina a kwance ƙafafu biyu, a kankare busasshiyar laka daga cikin gidan birki, a duba boris a cika masa giris. In ka kama ƙafa ka girgiza ta gefe da gefe ka ji ƙwas-ƙwas, boris ya gama.

Fetur kuwa kowa ya san inda aka kwana. Daga 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafi, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 har ta wuce 1,000. Tun daga nan kafireta mai ɗiga ta daina zama ƙaramin abu. In ka ga danshi a ƙarƙashin babur da safe, kuɗinka ne ke bin ƙasa, ka saba da rufe makunnin fetur duk dare. A cikin gonaki ba gidan mai, sai 'yan bumburutu, kuma ba na zarginsu, sun fitar da mu kunya ba sau ɗaya ba. Amma ruwa da datti a gindin jarka suke kwanciya, na ƙarshen kwalba shi ke samu. Ka tace da ƙyalle mai tsabta, ka kuma sa 'yar matatar roba a tiyon da ke tsakanin tanki da kafireta, araha gare ta. Ko gidan mai ma ba a rantse masa ba, ku tuna Fabrairun 2022 da aka shigo da gurɓataccen fetur ƙasar nan, injuna suka yi ta lalacewa. Wanda zai buɗe kafireta a gida ya yi nesa da murhu, ya kori yara, kada kuma ya yi da dare da fitilar kwai.

Fulogi shi ne mai ba da labarin cikin inji. In bakinsa ya yi kalar ƙasa-ƙasa kamar gasasshiyar gyaɗa, lafiya lau. Baƙi busasshe, mai ya yi yawa ko iska ta toshe. Baƙi mai maiƙo, ringi ya fara sallama. Fari fat, inji yana zafi fiye da kima, a bincika da wuri. Tazarar bakinsa kusan kaurin katin cire kuɗi na banki. Sabo ɗaya ya rinƙa kwana a aljihun babur tare da sifanarsa, da filaya, da sukudireba, da makullin sarƙa, da kayan faci.

Kan lodi ba zan yi dogon wa'azi ba, domin na san ba ji za a yi ba. Buhu mai tiya 40 ya kai nauyin babban mutum da rabi, wasu kuwa biyu suke ɗorawa har su ɗane a kan tanki. In ba makawa, nauyin ya zauna a kan kujera, saitin ƙafar baya ko gaba da ita kaɗan, kada ya rataya a wutsiya, nan ne kariya ke tsagewa kuma gaba ya rinƙa tashi a yashi. Iskar taya a sa mai faci ya auna da geji, kamar 25 a gaba, 32 a baya in da kaya. Taya mai sanyi ita ke cizon tib a bakin rami, kuma ita ƙayar aduwa da ta bagaruwa suka fi samu. Wayoyin ƙafar baya ka rinƙa bin su da sifana kana ƙwanƙwasawa ɗaya-ɗaya: mai lafiya tana ƙara siririya, wadda ta saki sai ka ji ta dakushe. Ka ɗan ɗaure ta kaɗan. Ɗaya in ta karye aka ƙyale, maƙwabtanta ke ɗaukar nauyinta, mako biyu sai ka ga huɗu sun bi ta, ƙafa ta fara rawa.

Akwai inda hannun mai gida ya kamata ya tsaya. Saita tafet yana bukatar ma'aunin da ya fi takarda siranta, tsaga inji da harkar waya kuma aikin masu shi ne. Ka kai wa makanike, amma ka zauna a wurin, ka sayo kayan da kanka ko ku tafi tare, ka karɓi tsohon da aka cire. Kayan gyara suna shigowa ta Legas da Nnewi kafin su iso Kano, kuma abu ɗaya sai ka same shi hawa uku, kwali iri ɗaya, ƙarfe daban. A kan madubi da murfi ka sayi mai araha in ka so. A kan ringi da fistin da boris da takalmin birki, a'a.

Da kaka ta matso za ku ga baburan hannu sun cika kasuwa, wasu na sayarwa su biya bashin taki, wasu na saye da kuɗin shinkafa. Dillalin da aka sa ya nemo wa mutum ya je da sassafe, ya dafa inji ya ji da sanyi, domin wanda aka riga aka ɗumama yana ɓoye ciwonsa. A tayar a gabanka, ka tsaya ta baya ka dubi hayaƙi. Ka buɗe akwatin iska, ka sa yatsa a bututun nan, shi zai gaya maka irin riƙon da aka yi masa fiye da sabon fenti. Ka leƙa ƙarƙashin kujera ko akwai walda a jikin firam. Sa'an nan ka karanta lambar inji da ta firam harafi-harafi, ka gwada da abin da ke cikin rasit, in sun saɓa ko an ga alamar gurzawa, ka tashi ka bar cinikin ko nawa ne la'adar.